An gama ƙirgar ƙuri'a, saura ƙirgar kuɗin komin



Ranar Lahadi 13 ga watan Disamba 2020 muka fito zaɓen ƙananan hukumomi. Kuna tune da sanyin ranar. A garinmu, nan cikin jahar Maradi, tun rana ba ta yi tsawon sanda ba layin mata ya wuce ƙofar lakkwal ya kai gindin bedi, kowace da sabon katinta mai hoto ɗaure a bakin zane. An daɗe ba a yi irin wannan zaɓe ba. Na baya tun watan Janairu 2011 aka yi shi, alhali wa'adin konsaye shekara biyar ne; aka yi ta ɗagawa ana ƙara musu lokaci har aka kusa cika shekara goma. Ɗiyar ƙanwata da ta jefa ƙuri'arta ta farko ran nan, lokacin wancan zaɓe ko tallar ƙosai ba a fara aika ta ita kaɗai ba.

Sati biyu bayan haka aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na ƴan majalisar dokoki, aka koma zagaye na biyu cikin Fabrairu, hankalin kowa ya tafi can. Rediyo ba ta da zance sai na Yamai. Sakamakon komin kuwa, wanda ya fi kusa da tukunyarmu, babu wanda ya dawo ya zaunar da mu ya ce ga yadda aka yi. Shi ya sa na ɗauki bik yanzu da damina ta yi nisa, in faɗi abin da na gani da idona a namu komin, ko wata ta gwada da nasu.

A ƙasa baki ɗaya, kujerun konsaye sun haura 4000. Tarayya ce ta zo gaba da kusan 1800, sannan su Nasara da Jamhuriya da Lumana suka biyo can baya. A birnin Yamai Lumana ta yi rinjaye, Umaru Dogari ya zama magajin gari. A Damagaram Canji ta nuna ƙarfinta. Iyakar abin da zan ce kan jam'iyyu ke nan. Ban zo in yi ma kowa kamfe ba. A ƙungiyarmu akwai mai zane ruwan hoda, akwai mai tsanwa, amma akwatinmu ɗaya ne.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne dokar kaso. Tun shekarar 2000 aka yi ta, aka ce cikin waɗanda aka zaɓa kada mata su kasa 10 cikin 100. A 2014 aka kai 15, a ƙarshen 2019 aka kai 25 cikin 100, wato kujera ɗaya cikin kowace huɗu. Wannan zaɓe shi ne na farko da aka yi ƙarƙashin sabon kason. Shi ya sa kuka ga ƴan siyasa na ta sallama a ƙofar gidaje suna neman mata, don jam'iyyar da ba ta cika sunayen mata a listinta ba, ba a karɓar mata takarda.

Mu ma sun zo mana. Da dare suka zo, bayan lisha, su uku. Sai dai da sunayensu a aljihu suka zo: matar wane, ƙanwar wane. Irin matan da in an ce su ɗaga hannu za su ɗaga, in an ce su sauke su sauke. Muka ce a'a, in ƙuri'ar matan rezo kuke so, mu za mu ba ku suna. Muka ba su ma'ajiyarmu, wadda ni nake ce ma Yaya don ta girme ni, kuma ita ta fara kai ni ajin yaƙi da jahilci ina da goyo. Shekara goma sha ɗaya tana riƙe da lissafin rezo, ko dala ba a taɓa nema an rasa ba.

Nan rigimar farko ta taso, kuma a cikin gidanmu ta taso. Takara tana cin kuɗi. Ana son takardar haihuwa, ana son takardar ɗan ƙasa, ana son wadda kotu ke bayarwa ta shaidar ba a taɓa ɗaure mutum ba. Yaya ba ta da ko ta haihuwa, kamar yawancin sa'o'inmu, sai da aka je kotu da shaidu aka yi mata madadinta. Ga kuɗin mota, ga hoto, ga goron da za a kai ma masu gari. Wasu suka ce a buɗe akwati a ɗauka, ai tamu ce. Wasu suka ce wallahi ba da zubinsu ba, su mazansu na wata jam'iyya. Zama biyu muka yi ana ta ka-ce-na-ce. Daga ƙarshe wata dattijuwa, wadda tun farkon zuwan Mata Masu Dubara yankin nan take zubi, ta ce: "Ɗiyana, akwati ba shi da jam'iyya. Mai so ta kunce bakin zanenta." Haka aka yi. Mai dala ashirin ta ba da, mai dala ɗari ta ba da, wata ta kawo tiya biyu ta gyaɗa aka saida. Duk da haka mace ɗaya ta yi wata biyu ba ta zo zubi ba, sai da muka je biko har ɗakinta. Har yau in na tuna ina gode ma tsohuwar nan. Da mun taɓa akwati, da yanzu babu ƙungiyar.

Ga wani abu da mata da yawa ba su sani ba sai da suka gani. A zaɓen komin na 2020 ba mutum kike jefa ma ƙuri'a ba, jam'iyya ce. In an gama ƙirga, sai a raba kujeru tsakanin jam'iyyu gwargwadon ƙuri'ar kowace. Sannan ita jam'iyya ta koma ɗaki ta ce wane da wance ne za su zauna. A al'ada ana duba wanda garinshi ya kawo ƙuri'a da yawa. Amma al'ada ba ta hana mai ƙarfi murɗe hannun mara ƙarfi in babu shaida.

Mu dai Allah ya ba mu dubara. Daren zaɓe muka aika mata biyu-biyu cikin waɗanda suka iya rubuta lamba, kowane biro na garuruwa huɗu da rezonmu yake. Suka tsaya bakin taga ana ƙirga da cocila, suka rubuta abin da kowace jam'iyya ta samu cikin kaye, irin kayen da muke rubuta zubi da tara. Ni ma ina cikinsu, sai wajen sha ɗayan dare na shiga gida, maigida ya riga ya ba yara tuwon da na bari. Bayan kwana kaɗan labari ya iso mu cewa kujerar mata da jam'iyyar Yaya ta samu za a ba matar wani ɗan kasuwa da ke zaune a birni, wadda ko hanyar rijiyar garin ba ta sani ba, wai mijinta ne ya ba da motar kamfe. Muka ɗauki kayenmu mu bakwai muka je. Ba mu yi faɗa ba. Na buɗe na karanta musu: gari kaza kun samu kaza, gari kaza kun samu kaza, a 2011 nawa kuka samu a nan? Shugabansu ya yi shiru, ya ce, "Hajiya, ashe kun rubuta." Na ce, "Alhaji, mu ko dala biyar ta shiga akwati sai mun rubuta." Yaya ta samu kujerarta.

A wani gari da ke gabas da mu akwai wata baiwar Allah da ta fi Yaya ma jama'a. Ita babu wanda ya rubuta mata komai. Aka ce mata ta yi haƙuri ta zama mai jiran gado, wato ba ta zama sai mai kujerar ya mutu ko ya sauka. Ta ci bashin jika talatin a ƙungiyarsu don kamfe, har yanzu biya take yi.

Kuma kason nan yana da ƙofar da ake zillewa. Jam'iyyar da ta samu kujeru da yawa dole ta sa mata. Amma ƙananan da suka samu ɗaya ko biyu, duk waɗanda na gani namiji suka tura. Mu a majalisarmu mata huɗu suka shiga. Ya fi na da, ban musa ba. A majalisar da ta sauka biyu ne, kuma ɗaya daga ciki har wa'adi ya ƙare ba mu taɓa jin muryarta ba.

Sai zaɓen magajin gari, wanda aka yi wajen watan azumi. A lokacin shi ba mu ke zaɓensa ba, konsaye ke zaɓe a tsakaninsu. A wancan lokacin sarakuna da ƴan majalisar dokoki na yankin suna zama cikin majalisar komin, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. To a nan ne ake cinikin da ba a yi a kasuwa. Ana sauran kwana uku, aka zo da mota aka ce duk konsayen ɓangare guda su shiga, za a kai su wani gida a birni su kwana can har ranar zaɓe, a karɓe musu salula, kada ɗaya ɓangaren ya saye su. Yaya ta ce ita tana da miji da jikoki da awaki, kuma ba ta kwana gidan da ba ta san mai shi ba. Suka ce to in aka zo miki da kuɗi fa? Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya kuɗin mata ɗari biyu na kwana ƙarƙashin gadona." Suka tafi suka bar ta. An zo mata kuwa, har sau biyu, ita ta faɗa mini, ta ce ta ba su ruwa sun sha ruwan azumi sun tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Dokar lokacin ta ce wanda zai zama magajin gari ko mataimakinsa sai yana da takardar BEPC ko makamanciyarta. Cikin matanmu huɗu, ɗaya kaɗai ke da ita, kuma jam'iyyarta ba ta cikin masu rinjaye. Yaya da ta fi rabin mazan ɗakin nan iya lissafi, ko tsayawa ba ta da ikon yi. Mere namiji, mataimaki namiji. Na dawo gida ranar na tarar da ƴata ta uku tana wankin kwanoni, tana aji na biyu a kolej, kuma tun bara dangin ubanta ke ta zancen wai ta isa. Na daɗe ina kallonta. Da in an yi zancen barin yarinya a lakkwal, abin da nake cewa shi ne ta iya karanta takardar likita, ta iya sa hannu. Yanzu na san akwai kujerar da ke jiran takardar nan, kuma kowace yarinya da aka cire daga aji an rufe mata ƙofar tun kafin ta san da ita. Na gaya ma ubanta haka da dare. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma ya saya mata kaye na shekara mai zuwa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na sa ma rubutun nan wannan suna. Da Yaya ta dawo daga zamansu na farko ta ce mana an yi maganar buje. Wata gwaggo da ke gefe ta ce, "Alhamdu lillahi, yaushe za a raba, kuma da riga ne ko shi kaɗai?" Muka yi dariya har da hawaye. To ba bujen sawa ba ne, kasafin kuɗin komin ne: abin da ake sa ran zai shigo cikin shekara, da inda za a kashe shi. A lokacin konsaye ke amincewa da shi, mere ya aiwatar. In abu bai shiga cikinsa ba, ko an yi miki rantsuwa da kamfe, ba za a yi ba.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Akwai harajin da ake karɓa gida-gida ta hannun masu gari. Akwai abin da gwamnati ke taimakawa da shi, da na ƙungiyoyin agaji. Akwai kuɗin kasuwar dabbobi da na tasha. Sannan akwai tiken kasuwa, wanda mu ne muka fi kowa biya. Ki duba kasuwar garinku ranar da take ci: masu ƙuli-ƙuli, masu man gyaɗa, masu daddawa, masu tafasa da zogale, masu fura. Su wa ke zaune cikin rana? Kowace sai ta ba da dala biyar ko goma kafin ta yi cinikin fari. Sau nawa aka yage miki tike aka ba ki? Ni shekarata ashirin ina kai mai kasuwa, in na ce an ba ni tike rabin zuwana na yi ƙarya. Mai karɓa ya miƙo hannu, ki sa, ya wuce. Kuɗin da ba a yage ma tike ba kuwa, ba ya isa ma'aikatar magajin gari.

Ku kwatanta da yadda muke yi. Akwatinmu kwaɗo uku ne, makulli uku a hannun mata uku, mai ajiyar akwati ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗewa sai kowa na zaune. A zube kuɗi kan tabarma, a ƙirga da ƙarfi, a tambayi jama'a nawa aka bari makon jiya, su amsa da baki ɗaya. Tun 1991 da aka fara wannan tsari a jahar Maradi haka ake yi, har wasu ƙasashe suka zo suka koya. Mu da muke ƙirga dala-dala a gaban kowa, don me za mu ji nauyin tambayar miliyoyin da aka tara da sunanmu?

A lokacin majalisar komin tana zama na ƙa'ida sau huɗu a shekara, kuma ƙofa a buɗe take ga duk ɗan komin da ke son ya saurara. Ba ki da baki a ciki, amma kina da kunne. Ni ban san haka ba sai bana. Zama na biyu muka je mu biyar a amalanke. Mai gadi ya ce taron manya ne. Na ce ai mu muka aiko su. Aka leƙo aka ce a bar mu, muka zauna kan banci a baya. Takardu duka da Faransanci, sakatare na karantawa kamar ana korarsa, maza na gyaɗa kai, har da waɗanda na san ko sunansu ba su iya rubutawa. Yaya ta ɗaga hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, a maida mana da Hausa, mu ji abin da za mu ɗaga ma hannu." Aka yi ɗan gunaguni, sai wani dattijo daga ɗaya ɓangaren ya ce gaskiyarta, shi ma bai ji ba. Aka fassara. Zaman da aka so a gama kafin azahar ya kai la'asar.

Da aka zo raba kwamitoci, duka matan huɗu aka zuba su kwamitin jin daɗin jama'a. Kwamitin kuɗi babu mace. Yaya ta nemi a sauya ta, aka ce an riga an rubuta. Sai ta yi tambaya ɗaya: bara nawa kasuwar garinmu ta kawo? Aka dubi juna. Aka ce mai riƙe da lissafin bai zo da takardar ba, sai zama na gaba.

Kada in yi rashin adalci. Sabon mere ba a kan dukiya ya zauna ba. Ya tarar da bashin albashin ma'aikata, ya tarar da garuruwan da suka shekara ba su biya haraji ba, har da namu unguwar. Tun 2016 gwamnati ta ce ta miƙa ma kominoni sha'anin makarantun firamare da lafiya da ruwan sha da muhalli, amma nauyin ya fi kuɗin da ke biyo shi saurin isowa. Mu ma muna da namu laifi. Lokacin kamfe an raba sabulu da gishiri da sukari da turmin zane a raba mutum uku, mun karɓa. Ni ma na karɓi sabulu, ba zan ɓoye ba, na yi wanki da shi. Wanda ya raba kuwa yana ganin ya biya, ba ki bin shi komai. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya san sauran zancen.

Amma duk da haka, famfon unguwar yamma da ya lalace tun kafin salla ƙarama, maganar komin ce. Ajin zana da iska ke kwashewa kowace bazara, yara su zauna gida har a gama girbi a samu kara, maganar komin ce. Takardar haihuwar da ta sa Yaya yawon kotu, a ma'aikatar magajin gari ake yin ta, kuma in an kai sunan jariri da wuri babu wannan wahala. Har garkar ƙungiya. Mu aron fili aka ba mu da baki, muka haƙa rijiya biyu da bashin akwati, muka yi shinge. Mai filin ya rasu bara, yanzu magada sun fara cewa suna son abinsu. Akwai hukumar filaye a kowane komin, a lokacin mere ke shugabantarta, ita ke taimakawa a yi takardar aro ko ta saye ko ta kyauta yadda za ta tsaya a gaban kowa. Da mun san ƙofarta shekara shida da suka wuce, da yanzu muna barci da ido biyu rufe. Duk ƙungiyar da ke noma filin da ba ta da takardarsa, don Allah kada ku jira irin tamu.

Ga abin da muka tsayar a rezonmu tun bayan babbar salla. Kowace mace da ta kai kaya kasuwa ba ta ba da ko dala sai an yage mata tike. Makon farko mai karɓa ya yi fushi ya ce tike ya ƙare, muka ce to kuɗi ma ya ƙare. Mako na biyu sai ga shi da sabon bandir. Ranar zubi kowace ta kawo nata, a zuba cikin gwangwanin madara, sakatariya ta rubuta adadi a shafi na dabam. Yanzu gwangwani na biyu muke ciki. In zaman kasafi na ƙarshen shekara ya zo, Yaya za ta shiga da jimillar a hannunta, ta ce matan garuruwa huɗu kaɗai ga abin da suka biya cikin wata kaza, a nuna mana layin da ya shiga. Abin da za ta nema a sa cikin buje abu biyu ne, mun yi ta ja kafin mu rage su: gyaran famfon yamma, da rumfar kwano ɗaya a layin masu abinci. An so a ƙara injin niƙa, muka ce a bar ma baɗi.

Mun kuma sa ta dokar da muke sa ma kowa. Duk bayan zama za ta zo gaban tabarma ta faɗi abin da aka yi da abin da ta ɗaga ma hannu. In ba ta zo ba babu uzuri, tararta dala ashirin kamar ta mai makara. Ta ce ta yarda, amma mu ma duk wadda aka sa ta rakiya ta ƙi zuwa, ta biya. An rubuta.

Ƴan uwa na Tawa da Damagaram da Dosso da Yamai, ku aiko ma jaridar nan da naku labari ta hannun mai kula da rezonku: mata nawa suka shiga majalisarku, ko akwai wadda ta samu mere ko mataimakiya, ko akwai wadda ta shiga kwamitin kuɗi da yadda ta yi ta shiga. Wannan na ƙarshe muke so mu ji tun kafin kaka, don Yaya na da niyyar sake nema.